Hannun Wa, In Ji Kawu Ilu

Ku da kuka taɓa zama cin abinci da Kawu Ilu na Jiratawa, kun san ba ya kai loma baki sai ya yi tambayarsa: "Hannun wa?" In ba a san sunan wanda ya dafa ba, sai ya ture kwano, ya kwance tsumman da yake yawo da shi, ya fito da 'yar langarsa ta kwaɗon zogale, ya ci abinsa a gaban mai gida, ko a jikinsa.

Akwai bikin da aka yi a unguwar Zariya, gidan wani attajiri, aka raba shinkafa da kaza a robobi. Kawu ya yi tambayarsa. Mai rabo ya ce, "Baba, kamfani aka ba aikin." Kawu ya ce, "Kamfani ɗan gidan wa? Mutanen Tibiri ne ko baƙi?" Daga nan ya miƙa wa na kusa da shi robar ya ce, "Ci, kai da ba ka da tambaya."

To ni Laminu, ɗan ƙanwarsa, sana'ata fim. Lokacin da shagunan shawarma da soyayyen dankali suka cika Sabon Gari, na rubuta labarin wani saurayi da ya bar tuwon gidansu ya koma cin waje, har ciwo ya kashe shi. Na rasa wanda zai fito a uban, sai tsautsayi ya kai ni gonar Kawu. Wallahi ni na jawo wa kaina.

Ranar farko, aikinsa ɗaya: ya gutsuri shawarma, ya tofar. An kunna kamara, kowa ya yi tsit, sai muka ji, "Hannun wa?" Na ce, "Kawu, tofarwa fa za ka yi." Ya ce, "Kafin in tofar, ba bakina za ta shiga ba?" Dole aka je aka ɗauko mai shagon. Kawu ya gaisa da shi, ya tambayi iyayensa, sannan ya ce, "Man da kake suya da shi, yaushe ka zubar da tsohon?" Bawan Allah ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ƙarawa dai muke yi." Kawu ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Man nan ya girmi autata."

Ranar ɗaukar mutuwar saurayin ta fi. Mun ari ɗaki a wani ƙaramin asibiti, Habu mai fitowa a ɗan yana kwance, an ce Kawu ya yi kuka. Maimakon kuka, sai ya buɗe langa. "Ba mai mutuwa gabana kan burodi da mai. Tashi ka ci." Na ce, "Kawu, a rubuce yake, mutuwa zai yi." Ya ce, "Kai ka rubuta, ba Allah ba." Sau shida muna sakewa, sau shida gawa tana tauna.

Da muka tsaya hutawa na zagaya bayan mota, na buɗe shawarmar da muka saya don fim, har guda biyu. Abin kunya, haka nake ci kullum, safe da rana, ga jiri da nake ta ɓoyewa. Ina ɗago kai na ga Kawu tsaye. Ya kama hannuna kamar akuya za a kai kasuwa, ya zaunar da ni gaban malamar asibitin ya ce, "'Yata, auna mini wanga." Ta ɗaura abin awon hawan jini tana dariya. Sai dariyar ta tsaya, ta sake aunawa, ta ce kar in bar wurin sai likita ya gan ni. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Kawu ya juya ga 'yan fim ya ce, "Kun kwantar da mai lafiya, kun bar majinyacin yana riƙe da kamara."

Daga ranar, duk Jumma'a sai ya hau kabu-kabu tun daga Jiratawa da langarsa. Ya tambayi ko na sha maganin likita, ya zauna yana kallon bakina har in suɗe. Shekara huɗu. Na yi ta mita, na taɓa ɓuya a banɗaki, ya jira ni a ƙofa.

Ya rasu bara da damina, ran Talata. Jumma'ar da ta biyo, Inna Hajo matarsa ta aiko a kira ni, ta ajiye mini langar a gabana. Ban san sanda na ce, "Hannun wa?" ba. Ta nuna buhu uku na busasshen zogale a jingine da bango, ta ce, "Nasa. Yana jinya yana tsinka, ya ce kar a bar ka da yunwa ka koma cin waje."

Na ci ina kuka. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sanyaya makwancinsa, ya ciyar da shi daga abincin Aljanna, inda ba sai ya tambaya ba.