Bakaniken da Ya Ƙi Sace Taya

Jama'a, yau kalma ɗaya ta kusa halaka mutum a unguwar Gangaren Tudu da ke Keffi!

Na kai mota gyaran birki wajen Oga Chidi, bakanikena. Notin taya ya cije. Sai ya jawo wutar walda zai gasa shi.

Na ce, "Oga, fara sace tayar tukuna!"

Ya ɓata rai. "Malam, tunda na zo Keffi ban taɓa sata ba!"

Kafin in ce iskar ciki nake nufi, sai daram! Zafi ya fasa taya, ta wurgar da shi gefe. Alhamdu lillahi, hannu kawai ya ƙuje. Wallahi ya ba ni tausayi.

Na yi masa bayani yana zaune a ƙasa. Ya ce, "Malam, da na sani, da na sace ta."