Ma'aunin da Na Kai Ƙarƙashin Indararo

'Yata ta fari ba ta taɓa ganin teku ba, amma a kansa take karatun digiri na biyu. A ɗakinmu na Gyaɗi-Gyaɗi take buɗe kwamfuta ta nuna min taswira mai launi-launi. Ta ce tauraron ɗan Adam ne ke auna ruwan da rana ke ɗauka daga teku ya tashi tururi, da wanda yake dawowa ya sauka, sai a haɗa da tsofaffin bayanan yanayi da na'ura ta sake lissafawa. Har ruwan da ke dukan kwanon gidanmu, in ji ta, daga tekun kudu iska ta kwaso shi. Na ce ikon Allah. Ta ce ita ma gefen ikon take aunawa.

Sai dai tauraron yakan yi kuskure, dole a gwada lissafinsa da abin da ya sauka a ƙasa. Shi ya sa ta kafa ma'auni a tsakiyar tsakar gida, mazurari a kan kwalba mai lambobi. Damina ɗaya cikakkiya take buƙata ta kammala karatun.

Tana da sikila. Farkon Agusta ciwon ya tashi aka kwantar da ita, ƙanwata ta zauna jinya. Ta bar min amana: kowace safiya in karanta lamba, in rubuta a littafi, in zubar da ruwan.

Kwana uku ina ganin ɗan ruwa a gindin kwalbar, alhali bahona da ke ƙarƙashin indararo har ambaliya yake. Ni kuwa tun ina yarinya na san inda ake tarar ruwa. Zuciyata ta ce yarinya tana kwance, abin nata ma a ce ba ya samu? Na ɗauke ma'aunin na kai gefen baho, ƙarƙashin indararo. Lambobi suka yi ƙiba, ina rubutawa ina jin daɗi.

Bayan mako uku aka sallamo ta, ɗauke da ita aka shiga ɗaki. Ta karɓi littafin ta daɗe tana dubawa. Murna ta fara yi, wai ta kama tauraron da babban kuskure, har ta ɗauki waya za ta kira malaminta. Sai ta tsaya, ta tambaye ni ko an taɓa ma'aunin. Na gaya mata, har da alfahari.

"Umma, ai ruwan rufin gida gaba ɗaya kika auna min. Da wannan ya sauka a Kano, a kwalekwale za ki je kasuwar Tarauni."

Tana dariya, idonta ya cika. Na ce to ta rage lambobin mana, ta kintata, wa zai sani?

"Ke kika ce min mai tauye mudu ba ya gamawa lafiya."

Ta ja layi a kan shafukan da hannunta. Agusta ce cibiyar damina, don haka malamin ya ce sai dai a jira ta baɗi. Ba ta sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Ana tsakiyar zafin bazara Allah ya karɓi abarsa.

Malamin ya zo gaisuwa ranar uku. Daga bakin ƙofa yake cewa ba don wata ɗaya da ya ɓaci ba, da ta tafi da digirinta, kuma ta ce masa sakacinta ne. Ina bayan labule na ce, "Malam, ba ita ba ce. Ni ce."

Ya ce Allah ya jiƙanta, mata suka amsa.