Ƙofar da Na Ja

Yayana mai walda ne a Sabon Gari, kuma tun muna yara hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Shekarar da gas ya yi tsada har Inna ta koma hura itace, sai ya turo wata tsohuwar ganga gidanmu na Fagge. Ya ce idan tururi ya ratsa gawayin da ya yi jajir, wata iska ce ke fitowa, kuma tana kamawa da wuta. Na yi dariya, na ce ashe ruwa ne zai dafa mana tuwo.

Sati uku yana fama a tsakar gida, ga tukunyar ruwa tana tafasa, ga bututu ya shiga gindin gangar. Ran nan ya ƙyasta ashana a bakin wani bututu da ke saman gangar, sai ga wuta shuɗiya, babu hayaƙi. Raina ya yi fari, har na fasa tsokanarsa.

Matan maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Wata ta ce, “Lallai yaron nan zai yi nisa,” ko masha Allah ba ta ce ba. Kwana biyu bututun ya tsage. Ni kuwa na san inda na ajiye laifin: baki ne.

Na matsa masa ya mayar da gangar ɗakin ajiya, inda ido ba zai gan ta ba. Ya ce Ibon da ya sayar masa da bututun ya gargaɗe shi cewa iskar nan guba ce kuma ba ta da wari, a fili ake aikinta.

Na ce, “Yaya, shi me ya sani game da bakin matan Fagge?”

Ya bi tawa don a zauna lafiya, amma yakan bar ƙofar a buɗe.

Wata Laraba bayan azahar, yana ciki yana gwaji, na ji sallamar matar nan da ta ce zai yi nisa. Na yi sauri na ja masa ƙofar. Muka zauna, ta yi ta zuba kan tsadar atamfa a kasuwar Kwari, ina amsa mata a daƙile. Da ta tafi na buɗe, na tarar da shi kwance gefen gangar, wutar ta mutu, bututun yana ta huci.

A asibiti likita ya ce iskar ta shiga jininsa ta hana numfashi amfani. Ya rayu, amma hannunsa rawa yake yi, kuma kafin ya kai ƙarshen magana ya manta farkonta. Bai sake walda ba. Ranar ma gaba ɗaya ta goge daga kansa.

Kowa ya ɗauka shi ya rufe kansa. Don tsoro da kunya, na bar su a kan haka. Duk wanda ya zo dubiya, Inna sai ta nuna ni ta ce ni Allah ya turo na buɗe ƙofar. Shekara shida tana sa mini albarka a kan haka, ina cewa amin, har ta rasu.