Tsohuwar da Ta Ari Idona

Jiya wata ɗalibata ta yi tuntuɓe a karatu, aji ya kwashe da dariya. Nan take na tuna da tsohuwar nan maƙwabciyarmu.

Ina shekara goma sha biyar aka kawo ni Kontagora daga Salka, wurin gwaggona. Hausa ba ta gama zama a bakina ba, balle Turanci. Da na miƙe karatu sai 'yan aji su hau kwaikwayona. Ran nan na cusa yunifom ƙarƙashin katifa, na ce ni da boko har abada.

Tsohuwar ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Kullum bayan la'asar sai ta leƙo ta ce, "'Yar nan, zo ki ara mini idonki, nawa ya mutu." Ɗakinta ƙamshin citta da man zafi yake yi. Yau ta miƙo mini takardar magani, gobe tsohuwar jarida, jibi littafin jikanta. In na kakare, sai ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ta ce, "Sake, ba inda za ni."

Wata rana na shigo na tarar tana zura zare a allura, tashi ɗaya.

"Iya, ashe kina gani?"

Ta yi dariya. "Ina gani mana! Na ga yarinya mai ƙwaƙwalwa tana neman yar da rabonta saboda dariyar banza. Litinin ni zan raka ki."

Haka ta dogara sanda har ƙofar ajinmu. Sakamakon jarrabawata bai riske ta da rai ba.

Allah ya jiƙanki, Iya, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki.