Girman da Muka Ba Kwamfuta

A shekarun nan da buhun gero ya gagari mai albashi a kasuwar Dawanau, gidanmu ya koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, ni kuma na tashi na sayar da awakina biyu na sayi tsohuwar kwamfuta. Mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Tofa, suka ce koyarwa a firamare ta taɓa mini kai. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, don Allah bai ba ni irin wannan haƙurin ba.

Dalilina shi ne littafin kakana, mahaifin Baba. Da hannunsa ya rubuta shi da ajami, a kan zakkar amfanin gona da rabon gado da rigimar iyaka, ko'ina da ayoyi a ciki. Gara ta shiga adakar da yake ajiye ta yi masa ramuka, wani shafin ma kamar rariya. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san abin da ke cikin ramukan, wato Baba, wanda ya karance littafin a gaban mahaifinsa tun yana saurayi. Shi kuma yanar ido ta fara cin ƙarfinsa. In na karanta masa, ba ya tunawa.

"Ni da ido na yi karatu, ba da kunne ba," in ji shi. "In na ga layin, sauran zai zo."

Sai na yi dabara. In buga layi da manyan baƙaƙe, ya matso da fuskarsa ya gani, ya faɗi abin da gara ta cinye, in cike. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, duk bayan 'yan makonni sai na ƙara wa baƙaƙen girma. Ina tsoron ranar da girman zai ƙare ba mu gama ba.

Ranar da na buga aya ta farko, Baba ya lura akwatin kwamfutar yana ƙasa, daf da ƙafata.

"Ke! Maganar Allah ce a ciki kike miƙe mata ƙafa?"

Nan take aka ɗora akwatin a kan kabad, can sama kusa da kwanon rufi, muka jawo tebur don wayoyin su kai. Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba za ta ga abin da ke ɗauke da ayoyi a tsirara ba. Ta ciro ƙyallen karan-miski ta ɗinka masa riga, har da geza. Kada in ɗora wa tsofaffi laifi su kaɗai, ni na auna mata tsawo da faɗi, kuma na ji daɗin yadda ta yi kyau.

Bazara ce, wuta kuma da hantsi ake kawo ta, a ɗauke kafin la'asar, in ma an kawo. Da mun fara aiki ba da jimawa ba sai fankar cikin akwatin ta kama gurnani kamar injin niƙa, can sai ɗif, komai ya mutu. Abin haushin, sai Baba ya ɗaga yatsa, kalma tana bakinsa, sannan duhu zai rufe layin. Na daki tebur har hannuna ya yi tsami. Inna ta ce ba komai ba ne illa bakin mutane, ta ƙara lulluɓa masa tsohon zaninta don kada masu leƙe su gani.

Na kai shi wajen wani mai gyara a Rijiyar Zaki. Na cire rigar kafin in fita, kada ta yi datti a hanya. Mutumin ya buɗe akwatin, ya hure cikinsa, ya kwance fankar ya nuna mini ƙwaƙwalwar injin a ƙarƙashinta, 'yar mitsitsiya, ya goge wani busasshen mai da ke kanta ya shafa sabo. Ya kunna ta yini guda a kan bencinsa, ko tari ba ta yi ba. Na dawo gida ina murna, na sa mata riga, na ɗora ta kan kabad. Ranar da muka kunna ta, kafin azahar ta mutu.

Washegari na sunkuce ta yadda take, ban ko tsaya tuɓe ta ba, na tafi da niyyar in wanke mutumin nan tas. Na dire masa ita a gaba, na fara. Shi kuwa rigar yake kallo, yana taɓa gezar.

"Malama, da wannan take aiki a gida?"

"Da ita. Ina ruwan riga da aikinka?"

Ya kunna ta da rigar, ya buɗe wani wuri da ke nuna awon zafinta, ya ce in sa ido. Lambar ta yi ta hawa, fanka ta fara gurnanin da na sani. Ya yaye rigar, lambar ta fara sauka a gabana. Ya juya akwatin ya nuna mini ramukan baya da na gefe, ya ce ta nan take shaƙa, ta nan take fitarwa, kuma in zafi ya yi mata yawa ita take kashe kanta don kada ta ƙone. Da ya ji inda muke ajiye ta, sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Malama, ke hau kan kabad da azahar, ki ja bargo, mu ga darasi nawa za ki koyar."

Na zo faɗa, na koma ina dariya ni kaɗai a kan babur, mai babur yana waiwayena.

Sauran aiki Baba. Ya ce riga a cire, amma ƙasa kam a'a. Na yi magana har murya ta fara tashi, sai na tuna da wanda nake magana. Da rana ta take, ya miƙe da kansa ya lalubi saman kabad, ya janye hannu da sauri.

"Subhanallahi. Ashe azaba muke ba ta."

Inna ce ta tuna da tsohon ɗakin ƙasa inda take ajiye randa, wanda ko a bazara sanyi yake yi. Muka ja waya zuwa can. Amma ɗakin ba kabad, sai wani gajeren benci. Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"To, in ita ba za ta hau ba, mu sai mu sauka."

Ya sa aka fitar da kujeru, aka shimfiɗa buzu. Akwatin yana kan benci, iska tana ratsa shi, ni da Baba muna zaune a ƙasa. Inna ta yarda a riƙa sa rigar bayan an kashe ta ta huce, kuma ita ke sawa da hannunta. Tun daga ranar ba ta ƙara mutuwa ba. Na yi farin cikin da har yanzu in na tuna nake jin sa. Baba yana cike rami, yana ba ni labarin ranar da aka karantar da shi wurin, har da ranƙwashin da ya sha, Inna tana jin mu daga tsakar gida tana cewa ai kaɗan ya sha.

Gero ya fara fitar da kai muka iso shafin ƙarshe. A lokacin kalma uku ke cika fuskar kwamfutar. Addu'ar rufewa ce, kakana yana nema wa kansa gafara da iyayensa da malamansa da duk mai karanta littafin, daga nan sai rami. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe.

"Rubuta," ya ce. "Da wanda ya sake rubuta shi bayan takardunsa sun tsufa."

Na ɗaga hannu daga kan baƙaƙen. "Baba, haka yake a littafin, ko yanzu ka ƙara?"

"Ke kika karanta a gaban mahaifina ko ni?"

Na rubuta, hawaye yana hana ni ganin abin da nake bugawa. Baba ya ce in ƙara masa girma ya duba, kada in yi masa ha'inci.