Tsohon da Ba Ya Jan Doki

Jiya aka kawo wani ɗanyen doki bargar maigidanmu a Maska, bakinsa duk jini. Shamaki, mai kula da barga, ya miƙo mini linzami mai kaifi ya ce, "Kafin Juma'a nake so ya hawu." Ina karɓa, Baba ya faɗo mini a rai.

Ba shi ya haife ni ba. Bawa ne kamar ni, na tarar da shi ya tsufa a bargar nan. Idan aka kawo doki mai gardama, ba ya ɗaukar bulala. Sai ya tuɓe rigarsa mai warin gumi ya rataye a turke, ya jiƙa dusa da kanwa, ya zauna ya ba dokin baya.

Wata rana da hantsi na gaji da jira, na ce, "Baba, ka ja ragamar mana!"

Ya ce, "Ɗana, ni ma da igiya aka kawo ni garin nan. Ba zan ja shi ba."

Rana ta take, ƙudaje sun dame mu. Can sai dokin ya tako da kansa, ya ɗora hancinsa mai ɗumi a kafaɗar tsohon, yana huci a hankali.

Yau rigata na rataye a turke, linzamin kuma yana hannuna, Juma'a tana matsowa. Ba ni da bakin ce wa Shamaki a'a.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya sa inda ka je babu turke, babu igiya.