Ranar Dama Tafki

Shekarar da aka ba mu jiha na je hutu Argungu. Kogi ya janye ya bar kifi a tafki, Kawu ya sa mu dama laka don su taso. Baƙar lakar ta riƙe ni har gwiwa, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A makaranta malamarmu ta taɓa ce mana ƙananan halittun da ido ba ya gani ke kawo warin: idan iskar ruwa ta ƙare, sai su sake hanyar numfashi. Kifi ba su da wannan dabara. Suka taso kewaye da ni suna buɗe baki, ni kuma kunya ta hana ni kira a zo a ciro ni.

Can Kawu ya waiwayo. "Ke ɗiyar boko, kallo kika zo?"

Da ƙyar na ce, "Kawu, ƙafata."